Ƙarar Da Ba Tawa Ba

Masu karatu, ku yi mini afuwa, na san na ɓace muku. Wasunku har cikin akwatin saƙona suka biyo ni: "Auta, ina labarin Kyaftin? An tsayar da magana?" Wata baiwar Allah ma cewa ta yi ta riga ta zaɓi kayan da za ta sa ranar. To ga ni na dawo. Wadda ta san hawayenta a kusa yake ta ɗauko hankici, don ni kaina ina rubutun nan ne ina goge fuskar waya da gefen mayafi.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, ni ce autar gidanmu, ina aiki a shagon magani, kuma ina wasan kareti. Ba sha'awa ce ta kai ni ba. Wata rana da yamma ina dawowa daga aiki, a lungun da ke bayan tashar mota, wani ya damƙi hannuna ya fizge jakata. Na sandare kamar an dasa ni, ko ihu ban iya yi ba. Jakar ba ta dame ni ba, sandarewar ce ta hana ni sukuni. Na yi ta kuka da magiya har Abba ya amince in shiga kulob ɗin da ke saman wani shagon kayan gini, da sharaɗi ɗaya: babu namijin da zai taɓa jikina.

A can na haɗu da Kyaftin. Shi ne babban ɗalibin Koci mai koyar da mu, yana da baƙin bel na ƙwararru, dogo, mai sanyin magana, aikinsa gyaran injinan asibiti. Ranar koyon shuri kowa sai ya samu wanda zai riƙe masa matashi. Ba matashin kwanciya ba, wata 'yar katifar fata ce mai maɗauri a baya, mutum ya zura hannu ya tara maka, kai kuma ka shura. Tun ranar farko Kyaftin ya ɗauka ya tsaya a gabana. Babu taɓa jiki, sharaɗin Abba bai karye ba. Na ɗaga ƙafa a tsorace na kai shurin, sai ji na yi tas! Ƙara ta cika ɗakin har Koci ya waiwayo.

"Kai!" in ji Kyaftin yana yarfe hannu. "Baiwar Allah, dama kin taɓa yi ne?"

Daga wannan "kai" ɗin zuciyata ta tattara kayanta ta koma wurinsa.

Shekara biyu bai taɓa barin wani ya riƙe mini ba. In ƙawata Barkono ta miƙa hannu, sai ya ce, "Bar shi, ƙafarta ta fi ƙarfin hannunki." Na ɗauka kishi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi nake ji. In na nufi buhun atisaye da ke rataye a kusurwa, sai ya ce zai ɓata mini ƙwauri. Ranar jarabawar bel ma shi ke riƙewa, tunda shi ne hannun daman Koci. Haka na yi ta hawa har na ɗaura bel mai ruwan ƙasa, saura taki ɗaya in kai baƙi. 'Yan kulob suka sa mini suna Aradu. Lungun nan da nake zagayewa na koma binsa kaina a sama, har ina addu'ar Allah Ya sake haɗa ni da mutumin.

Sai ga wannan makon. Koci ya sanar cewa wata babbar malama za ta zo daga nesa ta yi mana bita ranakun Asabar da Lahadi, kulob-kulob da dama za su hallara. Kuma a wannan Lahadin ce, bayan la'asar, manyan Kyaftin za su zo wurin Abba a tsayar da maganarmu. Na ce wayyo daɗi, makon nan nawa ne ni kaɗai.

Ranar Asabar tun da asuba na goge fararen kayana har sai da karin wandon ya tsaya kamar wuƙa. Na sa ƙaramin baƙin hijabina mai kama kai, na ninke bel na saka a jaka tare da gorar ruwa da man zafi. Ina ɗaura igiyar takalmi saƙon Kyaftin ya shigo.

"Aradu, yau ki nuna musu. Ina alfahari da ke."

Na karanta shi ya fi a ƙirga, ina murmushi ni kaɗai, har Umma ta ce, "Wannan wayar dai wata rana sai kin haɗiye ta."

Babban ɗakin taron wata makaranta aka ara. An jera kujeru a jikin bango, an shimfiɗa katifun roba shuɗɗa, fankoki suna ta juyi a sama ba sa tsinana komai. Takalma sun yi tuli a bakin ƙofa. Muna cikin sahu sai ga ta ta shigo: gajeruwar tsohuwa, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, tana dogara sanda saboda gwiwa. Bel ɗinta ya tsufa har baƙin ya koɗe, zare na zazzagowa. Malama Mai Sanda ake ce mata.

Barkono ta matso kunnena. "Wannan ce? Na rantse kamar kakata in ta fito neman silifas ɗinta."

"Ki rufa mana asiri."

"Allah kuwa. Kar dai a ce mu za mu tallafe ta."

Ba a jima ba bakin Barkono ya mutu. Malama ta kira wani ƙato mai baƙin bel daga wani kulob ta ce ya kawo mata naushi da gaske. Ban ga abin da ta yi ba. Na dai ga ta ɗan kauce, sai ga ƙaton a zaune a ƙasa yana kallon silin kamar mai neman inda ruwa ke yoyo. Ta miƙa masa kan sandar ya kama ya tashi.

Koyarwarta ba irin ta Koci ba ce. Ba ta ihu, ba ta ƙirga. Zagayawa take yi tsakanin sahu, ta taɓa gwiwar wannan da sanda, ta tura kafaɗar wancan da yatsa ɗaya ya yi tangal-tangal, ta ce, "Ka gani? Tsayuwarka aro ce." Masu baƙin bel duk ta mai da su koyon tsayuwa kamar sababbi. Ni kuwa Allah-Allah nake a zo kan shuri.

Aka zo. Kyaftin ya zura hannu a matashi ya tsaya gabana, ya ɗaga mini gira. Na ja numfashi na saki ƙafa. Tas! Kawuna suka juyo. Na sake. Tas! Na ji wani yaro daga wani kulob yana cewa, "Wace ce wannan?" Kaina ya ƙara girma.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda na matsowa. Malama ta tsaya a gefenmu.

"Sake, 'yata."

Na sake.

"Sake."

A nan na lura ba ƙafata take kallo ba. Hannunsa take kallo.

"Ɗana, ba ni matashin."

Ta miƙa wa Barkono sandarta, ta zura siririn hannunta a maɗaurin, ta kafa ƙafa ta tara mini. Na ji tsoron kar in karya tsohuwar mutane. Ta ce, "Kar ki tausaya mini, ba ki da dalili." Na tattara duk ƙarfina na shura.

Fuf.

Kamar an bugi filo. Ƙafata ta dawo mini, na yi baya-baya, na zube daɓas a kan katifa. Matashin ko gezau bai yi ba. Can baya wani ya saki 'yar dariya ya maza ya haɗiye. Na tashi na ce zamewa na yi. Na sake. Fuf. Na sake, hawaye ya fara taruwa. Fuf.

Malama ta tafa hannu. "Kowa ya matso. Wannan darasin na masu riƙo ne."

Aka kewaye mu. Ta ce wa Barkono ta ɗaga ƙafa kawai, a hankali, kamar mai tsallake kwata. Barkono ta ɗaga. Kafin ƙafar ta iso, Malama ta ɗan karkaɗa wuyan hannu ta kawo matashin ya tare ta. Tas! Irin ƙarata sak. Irin wadda aka sa mini suna dominta.

"Kun ji? Ƙafarta ce ta yi, ko hannuna?"

Ta sauke matashin.

"Mai riƙo in ya ga dama sai ya sa jariri ya yi ƙarar bindiga. Ana yi wa yara ranar farko don su saki jiki. Ranar farko kawai." Ta juyo gare ni, muryarta ba faɗa a ciki. "'Yata, ƙafarki ta ƙasa a kafe take kamar an buga mata ƙusa. Ba ta juyawa, don haka ƙugunki ba ya shiga cikin shurin. Ƙafa kawai kike jefawa. Abu ne da ake gyarawa a watan farko."

Sannan ta dubi Kyaftin. "Tun yaushe kake riƙe mata?"

"Tun farko, Malama."

"Ka san ba ta juya ƙugu?"

Masu karatu, a wannan ɗan shirun da ya yi na roƙi Allah ya ce bai sani ba. Na fi so a ce bai iya ba, a ce baƙin bel ɗinsa ma na banza ne. Ya sunkuyar da kai.

"Na sani."

Koci ya cire tabarau ya hau gogewa da gefen riga. Malama ta tambaye ni me ya kawo ni kareti. Na gaya mata gaban kowa. Ta ce, "Yanzu kina bin lungun?" Na ce kullum. Ta juya ta dubi Kyaftin, ta daɗe tana dubansa. Ta karɓi sandarta ta wuce.

Da aka ba da hutu na fita bayan ɗakin, wurin famfo, na buɗe ruwa ina wanke fuskar da ta ƙi bushewa. Na ji takun Kyaftin.

"Aradu."

"Kar ka ƙara kirana da sunan nan."

"To, Auta. Ki saurare ni."

"Shekara biyu, Kyaftin? Kana yarfe hannu kana cewa na ji maka ciwo?"

"Kin san yadda kika shigo ranar farko? Hannunki na rawa, in aka rufe ƙofa da ƙarfi sai ki zabura. Na ce bari in ba ki abin da za ki riƙe. Na ga yadda fuskarki ta haskaka da kika ji ƙarar. Washegari na ce yau zan gyara miki, sai kika shigo kina dariya. Na kasa."

"Jarabawar bel fa? Ita ma kasawa ka yi?"

Ya kawar da kai gefe.

"Ina bin lungun nan ni kaɗai da yamma, ina taƙama da ƙafar da ba ta iya ture tsohuwa mai sanda ba. Da mutumin ya dawo fa?"

"Ai shi ya sa kullum nake cewa ki bari in zo in ɗauke ki."

"Na ɗauka so ne."

"So ne mana!" Ya matso, ya rage murya. "Auta, ki duba. Gyaran nan da take faɗa ba wasa ba ne. Ƙwaurinki zai yi baƙi, tafin ƙafarki zai fashe, za ki yi ta faɗuwa ana kallonki. Don me? Gobe war haka an tsayar da maganarmu. Me za ki yi da shuri a gidana? Ina nan ai."

Na dube shi. Fuskar nan ce dai da nake rufe ido in gani, idanun nan masu sanyi, ɗan tabon da ke haɓarsa. Babu mugunta ko ɗigo a cikinta. Abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da gaske yake, har zuciyarsa yana ganin alheri ya yi mini.

Ban iya ƙarasa bitar ranar ba. Barkono ta raka ni bakin titi, yau babu tsiya a bakinta, sai cewa ta yi, "Wallahi ni ma na sha mamakin yadda ba ya bari in riƙe miki. Na ɗauka rowar ki yake yi." Na yi dariya ina kuka.

Na tarar da gida a hargitse. Yayata ta zo daga gidan mijinta tun rana, ta hau kujera tana rataye sababbin labule ruwan toka a falon Abba. An fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai baƙi na musamman, an jera su a kan tire suna ɗiga. Umma na zaune tana goge fitilar tebur, a gefenta ga ledar tela.

"Ga amarya, ga amarya!" in ji Yaya daga saman kujera. "Zo ki gwada rigarki. Tela ya ce in kika ƙara shurin mutane hannun ba zai shiga ba."

Doguwar riga ce ruwan zuma, da ƙananan duwatsu a wuya da bakin hannu, mayafinta mai shara-shara. Ni na zaɓi yadin, na yi ta zarya wurin tela a kanta. Na sa ta na tsaya gaban madubi kamar gunki.

Umma ta ajiye tsumma. "Me ya samu idonki?"

"Faɗuwa na yi a wurin bita."

"To ai an kusa hutawa. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, shi ya kwantar wa Abbanku da hankali tun bara."

"Da me, Umma?"

"Lokacin da Abbanku ya ce zai hana ki zuwa mana. Ya zo har falon nan ya durƙusa, ya ce Abba a bar ta, ba wani abin kirki take yi ba, ni nake lallaɓa ta don ta samu natsuwa, da an yi aure da kanta za ta ajiye. Ba ki ga tun daga nan Abbanku bai ƙara magana ba?"

Yaya ta sauko tana dariya. "Ke dai kin dace. Nawa mijin ko ciwon kai nake sai ya ce in yi haƙuri ƙwallo ta ƙare."

Ashe kowa ya sani. Ranar da na shigo gidan nan da sabon bel ina tsalle, Abba ya ce masha Allah, Umma ta rungume ni, ashe irin tafin da ake yi wa yaro ne in ya zana gida da hayaƙi. Na cire rigar a hankali don kar duwatsun su kama gashina, na shige ɗaki.

Bayan magariba saƙonnin Kyaftin suka fara shigowa.

"Kin isa gida lafiya?"

"Auta, ki yi mini magana ko zagi ne."

"Kawu ya iso. Yana ta tambayar ki."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na tura masa wannan:

"Abu ɗaya nake roƙo. Gobe ka riƙe mini tsakani da Allah. Ka tsaya cak. Ko ban yi ƙara ba, ko na faɗi gaban kowa, ka bar ni in faɗi. In ka yi mini wannan, zan manta da sauran."

Nan take ya amsa. "Na yi alkawari."

Kuma na yarda, masu karatu. Ina son sa. Kar wadda ta zage ni a ƙasan rubutun nan, ina son sa har yanzu da nake muku bayani.

Lahadi da safe Umma ta ce ina za ni, yau ranar zama ce a gyara jiki. Na ce kafin azahar na dawo. Na isa da wuri, ana kan shimfiɗa katifu. Malama na zaune a kujera tana shafa man zafi a gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kin dawo," ta ce. "Da yawa ba sa dawowa. Kira ƙawarki mai bakin nan."

Ta kai mu kusurwa, ta ba Barkono matashi ta ce in ta motsa shi ko kaɗan za ta sha sanda. Ni kuma ta hana ni shurin ma gaba ɗaya. Juya ƙafar ƙasa kawai, a kan tudun yatsu, dunduniya ta kalli gaba. Juya, dawo. Juya, dawo. Ta sa tafin hannunta a ƙuguna tana turawa. "Daga nan yake fitowa. Ƙafa 'yar aike ce." Gumi ya jiƙa hijabina, fatar ƙasan babban yatsana ta tashi ta yi ruwa. Sai da na fara ganin duhu-duhu ta ce to, shura.

Fuf. Fuf. Na faɗi, na tashi. Fuf. Can, ban san yadda aka yi ba, dunduniyata ta juya da kanta, ƙuguna ya bi, na ji wani abu ya taso tun daga ƙasa ya ratsa ni ya fita. Dum. Ƙarar ba ta da tsawa, can ciki take, mai nauyi. Barkono ta yi taku biyu baya, ta zaro ido.

"Ke! Wannan ya shiga har haƙorina!"

Malama ta gyaɗa kai sau ɗaya. "Shi ke nan. Yanzu kin san ɗanɗanonsa. Ba zai riƙa zuwa kullum ba tukuna."

Wannan dum ɗin guda ɗaya ya fi mini duk wata tas da na taɓa yi. Na waiwaya ina neman Kyaftin don in ga ko ya gani. Yana can ɗaya gefen yana jera yara a sahu, ya ba mu baya.

Kafin a rufe bita aka ce kowa ya fito da abokin aikinsa na kullum, bibbiyu, a nuna abin da aka koya gaban jama'a. Aka zauna a kewaye. Da aka zo kanmu, ya zura hannu a matashi ya tsaya. Na dubi cikin idonsa. Ya gyaɗa mini kai, leɓensa ya motsa: na yi alkawari.

Na ja numfashi na taso. Amma gumi ya jiƙa katifar, ga yatsana da ya fashe. Tun ƙafar na hanya na san ta ɓaci: dunduniyata ba ta juya ba, ƙuguna ya tsaya a baya, ƙafa kawai na jefa kamar yadda na saba. Har na shirya wa faɗuwa. Har na ji wani irin sanyi a raina, na ce yau zan faɗi a gabansa, ya miƙo mini hannu, mu fara daga gaskiya.

Tas!

Ɗakin ya ɗauki tafi. Wani ya yi fito. Koci ya ce, "Yauwa, Aradu ta dawo!" Ina tsaye a kan ƙafafuna, ban faɗi ba, don matashin ya zo ya tare ni a rabin hanya kamar kullum. Kyaftin ya zuba wa hannunsa ido kamar ba nasa ba. Malama ba ta tafa ba. Barkono ma ba ta tafa ba.

Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini ciwo irin wannan ba. Na rusuna masa yadda ake yi in an gama, na koma wurina na zauna.

Ina ɗaura takalmi a bakin ƙofa Malama ta tsaya a kaina. Ta ce tana da ajin mata a wurinta duk ƙarshen wata, in ina so in zo, amma da farin bel zan fara. "Kafin nan ki koma kan buhu," ta ce. "Shi ba ya son kowa." Ta buga sandarta ta tafi.

Kyaftin ya biyo ni har titi yana kiran sunana. Na tare mota na shige.

A gida Yaya ta ja ni ɗaki da faɗa, wai na dawo kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Ta zaunar da ni ta gyara mini gashi, ta sa mini kwalli, kwallin na zubowa tana sakewa. "Kukan daɗi tun yanzu? Ki adana na ranar." Ta zuge mini zif ɗin rigar ruwan zuma. Ƙamshin turare ya cika gidan, ina jin Umma na ba da umarnin a kai tire falo. Waya ta yi haske a kan gado.

"Wallahi ban yi niyya ba. Na ga za ki faɗi, hannuna ya tafi da kansa. Mun taso."

Na yarda da shi. Matsalar ke nan, na yarda. Hannunsa zai riƙa tafiya da kansa har ƙarshen rayuwarmu, ni kuma ba zan ƙara sanin wanne ne nawa ba, a cikin duk abin da zai yaba.

Bayan la'asar na ji tsayuwar motoci, na ji sallama da muryoyin manya. Jim kaɗan aka ƙwanƙwasa ƙofata. Abba ne da kansa, cikin farar rigarsa ta zuwa manyan wurare. Ya ce wa Yaya ta ba mu wuri.

"Auta, mutanen nan sun zauna. Ummanku ta ce tun jiya ba ki ci abinci ba. Kafin in ba su amsa ina so in ji daga bakinki."

Na zame daga bakin gado na durƙusa. Na gaya masa komai, matashin, hannun, alkawarin, tafin. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya daɗe yana murza goshi.

"Ya zage ki?"

"A'a, Abba."

"Ya ɗaga miki hannu? Ko wata kika gani a wayarsa?"

"A'a."

"To me zan ce wa dattawan nan? Kawunsa tun jiya ya baro garinsu. In fita in ce musu ɗanku ya cika tausayin 'yata, don haka mun fasa?"

Na san yadda maganar za ta yi a falo, gaban kofunan gilashi da sababbin labule. Za ta yi kamar shirmen yarinyar da daɗi ya yi wa yawa.

"Ka ce musu ban shirya ba, Abba."

Ya miƙe ya kama hannun ƙofa, ya tsaya bai juyo ba.

"Ban taɓa yi wa baƙo ƙarya a falona ba, kuma wannan gaskiyar taki ni ban iya faɗinta ba, don ban gama gane ta ba. In kin tabbata, sa mayafinki ki biyo ni ki faɗa da bakinki. Shi ma yaron yana nan zaune kusa da kawunsa. In kuma ba ki fito ba, zan ɗauka kin amince, in ba su rana."

Ya fita ya bar ƙofar a buɗe. Ina jin takunsa har falo, ina jin an ce masa barka da fitowa. Yaya ta leƙo tana yi mini alama da ido in zauna, in rufa wa kowa asiri.

Na ɗauki mayafin daga kan gado. Na yafa shi a baibai, ban tsaya gyarawa ba. Na zura ƙafa a takalmi, yatsan da ya fashe ya yi mini wani irin zugi har cikin kai. Na ratsa ta gefen Yaya na nufi falo, na tsaya a bakin sabon labulen, na yi sallama.

Muryar Kyaftin ce ta fara amsawa.